Darar Ummi da Kurakuran Mai Kaset

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga mahaifinki Lawal Mai Kaset, a Daura, zuwa ga 'yata Ummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kano lafiya, Ya tsare ki a kan hanya da bayan hanya, Ya sa ki shiga gidan Goggonki da ƙafar dama. Ki gaishe ta ita da maigidanta, ki ce ina godiya da riƙon da za su yi miki.

Na san sai kin yi dariya da kika ga takarda a jakar kwamfutarki. Mutumin da ya tsufa yana tura wa jama'a abubuwa a waya, yau ga shi da biro. Dalilina ɗaya ne: in waya ta cika, saƙon murya ake fara gogewa, na gani sau ba adadi a shago. Takarda kuwa sai kin sa hannu kin yaga.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yau kika baro shi. Mutanen nan na Kano sun ga wasan darar da kika ƙirƙira a waya, sun kira ki ku ƙara gyara shi, ku kai shi hannun matasa duk inda ake jin Hausa. Ni ban san yadda ake rubuta manhaja ba. In na leƙa allon kwamfutarki, tururuwa kawai nake gani sun yi layi. Amma tun kafin a haife ki nake sayar wa matasa abin da ransu ke so, kuma da wuya a sami kuskuren da ban tafka ba a wannan sana'a. Ba ni da gona ko garke da zan ce ga naki. Kurakuran nan su ne abin da na tara. Ni na sha ɗacinsu, ke ki ɗauki amfaninsu.

Lokacin da kike goye, shagona na kaset a bakin tasha shi ne matattarar samarin garin nan. Lasifika biyu a ƙofa, benci cike tun hantsi. Ranar kasuwa har daga Baure da Zango da cikin Nijar ake zuwa. Saurayi in ya shigo, kafin ya buɗe baki na miƙa masa abin da ya zo nema, ya yi dariya ya ce, "Mai Kaset, kai maye ne." Wannan yabon ne ya rufe mini ido. Na ɗauka na gama sanin matasa.

Wata rana Habu, ɗan maƙwabcinmu, ya dawo daga Kano da wata tsohuwar kwamfuta a kwali. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba Lawal, ka ba ni gefen rumfarka in kafa tebur, mu haɗa hannu. Samari yanzu a waya suke son jin waƙa." Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini memori, ɗan abu kamar farce. Ya ce duk kaset ɗin da ke kantata ta sama za su shige cikinsa.

Na ɗaga shi sama don kowa ya gani, na ce, "Habu, abin da kaza za ta haɗiye shi ne zai kori kaset?" Benci ya kwashe da dariya. Habu ya karɓi abinsa, ya ce, "Allah Ya huci zuciyarka, Baba," ya tsallaka titi ya kafa teburinsa a gindin darbejiya.

Ba a yi damina biyu ba bencina ya koma na tsofaffi. Abin da nake so ki lura da shi, ba wanda ya yi mini rashin kunya. Samarin nan sukan tsaya su gaishe ni da ladabi, su tambayi iyali, sannan su tsallaka wurin Habu. In na ce ga sabon kaset ya iso, su ce, "Kai, madalla, za mu dawo." Ba sa dawowa. Matashi in ya gaji da kayanka ba ya faɗa da kai, wucewa kawai yake yi. Alamu kuwa duk sun bayyana tun kafin Habu ya zo, ni ne ban duba ba. An daina kawo rediyo gyara, kowane kunne da igiya a ciki. Ina sauraren bakinsu, ban kalli hannunsu ba. Ranar da na haɗiye girman kai na tsallaka titin, Habu ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya koya mini turi, wato tura waƙoƙi a waya, daga farko, bai taɓa tuna mini zancen kaza ba. Da ya rama, ban san da me zan ciyar da ku ba.

Kuma hali zanen dutse. Kin tuna gardamar da na yi da ke a kan agogon da kika sa wa wasanki? Ni na saba da darar gindin bishiya, a haƙa ramuka a ƙasa, a zauna daga la'asar har rana ta yi ja, ana tunani ana tsokana. Ke kuwa kika ce kowa ya yi motsi kafin a ƙirga goma, in bai yi ba ya rasa. Na ce kin lalata dara. Kika ce, "Baba, bari in bar duka biyun, mu ga wanda za a fi shiga." Bayan sati uku kika juyo mini da kwamfuta. Doguwar dara, ni ne da abokaina biyu. Gajeriyar kuwa kamar tasha ranar kasuwa.

To ki riƙe wannan dabara taki, kada Kano ta raba ki da ita. Duk wanda kika tambaya ko wasanki ya yi kyau zai ce ya yi, don kunya da kara. Ki miƙa masa waya ki yi shiru, ki kalli inda yatsansa ya tsaya yana lalube, nan ne aikinki yake. Kada ki gwada abu a manyan wayoyin ofis ki ce kin gama. Ki nemi waya mai fasasshen gilashi, wadda ta cika har tana kuka, irin ta ɗalibin da ke garin Babban Mutum inda sabis ke zuwa yana tafiya. In ya buɗe a nan, ya buɗe ko'ina. Kuma wata rana wani ko wata da ba su kai ki ba za su zo miki da ɗan abu a tafin hannu. Ki matsa musu a teburi.

Kuskure na biyu shi ne wanda har yau nake yi wa istigfari.

Da turi ya karɓe ni, sai na buɗe gidan gem a bayan shago. Talabijin huɗu, kujerun roba, wasan ƙwallo. Ya kama kamar wutar kara. Ba da jimawa ba na fara lura da masu zuwa da hantsi, lokacin da ya kamata a ce suna aji. Sai su tuɓe rigar makaranta a lungu su cusa a jaka. Na gani, na kau da kai. Daga nan aka fara ɗora kuɗi a kan wasa, wanda ya ci ya kwashe. Nan ma na ce ba ruwana, ni kujera nake ba da haya. Har wata dabara na ƙirƙiro da kaina: duk wanda aka ci sau uku a jere, na huɗu kyauta ne. Kin ga ba mai tashi ke nan, don wanda aka ci yana son ramuwa. Ina alfahari da wannan dabara, har ina faɗa wa abokai.

A cikin masu zuwa akwai Sagir, ɗan garin Babban Mutum, yana ajin ƙarshe na sakandare, yana zaune wurin 'yan'uwansa a nan Daura. Ba wanda ya kai shi iya wasa. In ya zauna sai a kewaye shi ana kallo, ni kuwa ina jin daɗi don yana jawo mini jama'a.

Wata safiya, bayan sakamakon jarrabawa ya fito Sagir bai ci ba, wata mata ta sauka daga mota ta tsaya a ƙofar shagona. Ba ta shigo ba. Ta ce, "Kai ne Mai Kaset?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya, sannu da zuwa."

Ta ce, "Ni ce uwar Sagir. Na zo in ga ɗakin da ɗana ya zana jarrabawarsa."

Na rasa inda zan sa idona. Ta leƙa ta ƙofar baya, ta kalli talabijin ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta kalli kujerun. Ta ce man gyaɗa take yi, da shi ta kai shi inda ya kai. Na buɗe baki zan ce ai ba ni na kira shi ba, sai ta ce, "Ban zo zagi ba. Kana da 'ya'ya?"

Na ce ina da su.

Ta ce, "To Allah Ya raya maka su." Ta juya ta nufi tasha.

Wallahi Ummi, da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi. A lokacin ke kina firamare, kina zaune a aji da allonki, ni kuwa ina nan ina kwashe 'ya'yan wasu daga nasu ajin. Ranar na rubuta a ƙofa cewa ba shiga sai an tashi makaranta, kuma ba ɗora kuɗi. Rabin jama'a suka watse. Bayan shekara na rufe wurin gaba ɗaya, ban yi nadama ba. Sagir yanzu haya yake yi da babur a wajen Mashi, yana da iyali, yana cin halal ɗinsa. In ya shigo gari yakan tsaya ya gaishe ni. Ban taɓa iya kallonsa ido cikin ido ba.

Na ba ki wannan labari ne saboda abin da kika faɗa mini makon jiya, cewa ɗaya daga cikin mutanen da suka kira ki ya kawo shawarar a buɗe wurin zuba kuɗi a wasan, wanda ya ci ya kwashe, ku kuma ku yanki naku. Kin ce ya ba abin wani suna mai daɗi da Turanci. Sunansa caca. Ko da zinariya aka rubuta shi, caca ne. Nawa gidan kujeru goma ne, kuma uwa ɗaya ta iya hawo mota ta same ni. Naki zai shiga aljihun 'ya'yan mutanen da ba za ki taɓa ganin iyayensu ba, amma Allah Yana ganinsu. Kuma ba caca kaɗai ba. Duk wata dabara da ke hana mutum tashi, ko ta riƙa ƙwanƙwasa masa waya yana aji ko yana sahun salla, ƙanwar dabarata ce ta "na huɗu kyauta". Ki gina wasan da mutum zai ji daɗinsa, kuma ya iya ajiyewa. Hanyoyin samu na halal ba su ƙare ba. Ki karɓi talla mai tsafta, ki sayar da ado da ƙarin abubuwa ga mai so. In suka ce sai da caca ko a fasa, ki ce a fasa, ki naɗe kayanki. Abin da suka gani suka kira ki yana cikin kanki, ba a teburinsu yake ba. Wasu za su kira.

Na uku gajere ne, amma kada ki raina shi.

Mai turi yana ganin cikin wayar mutane fiye da yadda likita ke ganin cikin mara lafiya. Wani matashin malamin makaranta, Malam Bashir, ya kawo mini wayarsa in kwashe masa hotuna zuwa sabon memori. Suna wucewa a allo sai na hango hoton wata takarda, na tsaya na karanta. Takardar sallama ce daga aiki. Da yamma ya dawo karɓa tare da kawunsa. Ni da nufin alheri na ce, "Malam, sai haƙuri, Allah Ya musanya da mafi alheri." Kawun ya ce, "Haƙurin me?" Ashe bai faɗa wa kowa ba, yana fita kullum da safe yana neman wani aikin, yana so sai ya samu sannan ya yi magana. Ya kalle ni ya ce, "Baba, turi na kawo, ban kawo karatu ba." Bai sake taka shagona ba, kuma ya yi daidai.

Ban yi da mugunta ba, amma amana ba ta tambayar niyya. Manhaja tana iya neman lambobin da ke wayar mutum, da hotunansa, da inda yake tsaye. Dara ba ta bukatar ko ɗaya. Abin da ba ki bukata kada ki nema, abin da aka ba ki kada ki leƙa, kuma duk wanda ya zo sayen lambobin masu wasanki don ya riƙa tura musu talla, ki nuna masa ƙofa. Matasan yanzu sun fi mu wayo a nan. Suna karanta abin da manhaja ta tambaya, kuma suna faɗa wa juna.

Sauran biyun ke kika sha wahalarsu, don haka ba sai na yi miki ado ba.

Da kika gama wasan, kika tura mini shi a waya don in gwada, sai zumuɗi ya kwashe ni. Na ce ai ni ne gwanin talla. Duk wayar da aka kawo caji ko turi sai in zuba mata darar Ummi ba tare da na tambayi mai ita ba. In ya zo karɓa in ce, "Na sa maka wani abu, za ka gode mini." Ban tsaya nan ba. Na riƙa cewa ana bugawa da mutumin da ke Nijar ko babu data, alhali kin faɗa mini ƙarara cewa in babu data sai dai mutum ya buga da wayar kanta. Na ce a raina ai talla sai da gishiri.

Kwana huɗu sai ga Auwalu, ɗan Mashi mai sayar da babura, ransa a ɓace. Ya ce, "Baba, wa ya sa mini wannan abu? Mai saye na jiran hoton babur, waya ta ce ba wuri." Na ce wasa ne mai daɗi, ya gwada. Ya ce, "Na gwada. Ka ce ba data, ga shi yana ce mini in kunna data." Ya goge shi a gabana. Kafin sati ya zagayo labari ya cika tasha, wai Mai Kaset yana sa wa wayoyi cuta. Har wasu suka daina kawo caji.

Da na faɗa miki ba ki ɗaga murya ba. Sai dai kika ce, "Baba, wanda ya goge abu da haushi ba ya sake sauke shi." Wata uku kika yi kina gina abu, ni na rushe rabinsa a sati ɗaya da sunan taimako.

Yadda kika ɗinke ɓarakar nan shi ya sa ba na jin tsoron tafiyarki. Kin rage wa wasan nauyi har ya zama bai kai hoto biyar ba. Kin tara ƙawayenki 'yan kwaleji, yayanki Nura ya tara abokansa, kin ba su ba tare da wani alkawari ba. Sannan kika sa kowa ya zaɓi garinsu, aka fito da jadawali: Daura, Baure, Mashi, Sandamu, Mai'aduwa, kowane gari da makinsa. Shi ke nan, kin taɓo inda ke musu ƙaiƙayi. Ɗan Baure ba zai yarda a ce Mashi na samansa ba. Suka riƙa ɗaukar hoton jadawalin suna tura wa juna suna tsiya. Auwalu da kansa ya dawo yana tambaya a ina ake sauke shi, wai an ce garinsu na ƙasa kuma ba zai zuba ido ba.

Kin san wannan darasi fiye da ni. Na rubuta ne don a Kano za ki haɗu da irina masu manyan kuɗin talla, waɗanda za su so su yi kuskurena a faɗin ƙasa. Za su ce a cusa wasan a wayoyin mutane, a sayi yabon ƙarya, a yi shelar abin da ba a gama ginawa ba. Ki ce musu an gwada a Daura, kuma ki ba su labarin cutar Mai Kaset, na yafe miki ki faɗa da sunana. Matashi yana son ya zama shi ya gano abu ya kai wa abokinsa. Ki bar masa wannan daɗin. Abin da aboki ya miƙo ya fi allon talla goma.

Yanzu saura wanda ya fi mini nauyi, wanda na kasa faɗa da baki.

Ranar da aka yi wasan ƙarshe tsakanin Baure da Mashi, samari sun cika ƙofar shagona, kowa da waya a hannu, ana ta ihu. Wani daga cikinsu ya ce, "Baba, wai don Allah wa ya ƙirƙiri wannan abu?" Na ce, "Ɗana ne, Nura." Nura yana tsaye a gefena, ya juyo ya kalle ni. Ke kina cikin shago a bayan kanta, kwamfuta a cinya, kina lura kada wasan ya tsaya. Tsakanina da ke labule ne kawai. Na san kin ji.

Na ba kaina hujja biyu. Na ce samari ba za su buga wasan da mace ta yi ba, kasuwa za ta faɗi. Na ce kuma ina kare ki ne daga kiran banza. Amma gaskiyar ita ce tsoron tsokana na ji, kada a ce Mai Kaset 'yarsa ce ta fi shi. Da muka koma gida kika kawo mini abinci kamar kullum, kika ce sannu da aiki. Mahaifiyarki ce ta jira kika fita, ta ce, "Malam, sunan mahaifiyarka ka sa mata, ko kiran sunan ba ka iya yi don girmamawa. Ita ce yau ka ɓoye a bayan labule?" Na ce ba ta gane harkar kasuwa ba. Ta ce, "Haka ne, ban gane ba."

Wata da watanni Nura na karɓar gaisuwar da ba tasa ba, har ya daina bi ta tasha. Sai ga mutanen Kano sun bugo waya suna neman Nura mai dara. Shi ya kawo miki wayar ya ce musu, "Ga mai ita." Ina zaune ina ji suna yi miki tambayoyi kamar sun kama ɓarawo, suna so su tabbatar ba aikin wani kike ci ba. Kusan awa guda kina amsawa ɗaya bayan ɗaya. Ƙaryata ta kusa rufe miki ƙofar da aikinki ya buɗe. Da Nura mai son banza ne, da shi ke cikin motar nan yau.

Ba ki san abin da na yi ranar Juma'ar da ta wuce ba. Da aka sauko daga masallaci na tsaya a ƙofar shago, na sa aka kashe kiɗa, na ce wa samarin ina da magana. Na ce, "Na yi muku ƙarya. Darar nan ba Nura ya yi ta ba. 'Yata ce Ummi, ita kaɗai, daga farko har ƙarshe." Na tsaya ina jiran abin da na daɗe ina tsoro.

Auwalu ya ɗago kai daga wayarsa ya ce, "Haba Baba, ai mun daɗe da sani. Nura fa tun da aka fara bai taɓa cin kowa ba." Aka fashe da dariya. Wani ya ce a gaya wa Anti Ummi ta ƙara musu Zango a jadawali. Suka mai da kai ga wasansu. Shi ke nan. Abin da na zalunce ki a kansa, ko minti ɗaya bai ɗauke su ba.

Saboda haka ki sa sunanki. Ki sa shi a fuskar wasan inda kowa zai gani, ki sa shi a duk takardar yarjejeniya, kuma kada ki sa hannu a kan abin da ba ki karanta ba sau biyu kin nuna wa masani. In wani ya ce a bar sunanki a baya saboda kasuwa, kin riga kin ji wannan magana daga bakin wanda ya fi shi kusa da ke, kuma kin ga ƙarshenta. Waɗanda za su yi aiki tare da ke, mai zane da mai sauti da mai gwaji, su ma ki ambace su. Kada ki yi wa kowa abin da na yi miki.

Ki yafe mini, Ummi. Ban taɓa roƙon ɗaya daga cikin 'ya'yana gafara ba, kuma ban ji na ragu da komai ba da na rubuta.

Ki riƙe salla a kan lokacinta ko aiki ya kai wuya. Ki girmama Goggonki, ki taya ta aikin gida kada ki zama baƙuwa. Ki ci abinci, na san halinki in kin zauna gaban kwamfuta. Ki riƙa kiran mahaifiyarki, ba za ta ce tana kewa ba, amma tun jiya take shiga ɗakinki tana fitowa ba ta ɗauko komai ba.

Allah Ya yi miki albarka. Allah Ya tsare ki daga sharrin mutum da aljan, da sharrin hanya, da sharrin dukiyar da ba ta da tsarki. Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronSa, Ya sa abin da hannunki zai gina ya zama sanyi ga iyayen da ba ki sani ba. Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Na sallame ki da zuciya ɗaya, ban riƙe ki da komai ba, duniya da lahira.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Lawal, wanda tun ranar Juma'a samarin tasha suka koma kira Baban Mai Dara.